Talata a Yamai: layukan tsohuwar tele a kan Raspberry Pi 4

Yau aikin matatar hoto na sa gaba, wadda ke maido wa wasannin Super Nintendo da Mega Drive kamannin tsohuwar tele mai ƙeya: layukan duhu, ɗan lanƙwasa a gefe, da hasken da ke malala. Ba ado kawai ba ne, don irin wannan allon aka zana wasannin tun farko. Matsalar ita ce da na ɗora matatar da ake kira crt-royale a RetroArch, manhajar da nake buga waɗannan tsofaffin wasanni da ita a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4, sai hoto ya kama tsaitsayawa, sauti yana ƙarce-ƙarce.

Lissafin a fili yake. Hoto 60 a sakan ɗaya na nufin kowane hoto yana da milisakan 16.7, ya wuce haka sauti ya karye, tunda hoto da sauti a ɗaure suke. Wasan Super Nintendo kansa ɗigo 256 ne a kan 224, bai da nauyi. Amma matatar tana aiki ne a kan ɗigon allon da za a nuna: 1920 a kan 1080 ya ba da 2,073,600, ga crt-royale kuma tana bin hoton fiye da sau goma kafin ta sake shi. Wannan kayan babbar kwamfuta ne. Na sauke ta, na sa wata matatar, zfast-crt, mai bin hoton sau ɗaya tak, na rage fitarwa zuwa 1280 a kan 720, ɗigo 921,600, ƙasa da rabin na da. Nan take ƙarar ta ɗauke.

Sai layukan suka fito wani kauri wani siriri, domin 224 ba ta shiga 720 daidai. Na kunna ninki cikakke: sau 3, layi 672, da ɗan baƙi sama da ƙasa. A ganina gara wannan baƙin da layukan da ba su daidaita ba. Lanƙwasar ma na kashe ta, a 720 igiyoyi take zanawa a hoton.

Bayan azahar tsaitsayawar ta dawo alhali ban taɓa komai ba. Zafin Afrilu ne. Umarnin vcgencmd measure_temp ya nuna guntun da ke zaman ƙwaƙwalwar na'urar ya haura digiri 80, daidai inda Pi 4 ke rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Na buɗe akwatin, na hure ƙurar da ta toshe ramukan iska, na manna ƙarfen shan zafi da ƙaramar fanka mai bolt 5.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: a cikin direbobin hoto na RetroArch, wato masu zana hoton a allo, direban gl matatu masu fayilolin glsl yake karɓa, vulkan da glcore kuma masu fayilolin slang. In an sauya direba aka ga matatar ta ɓace daga jeri, ba lalacewa ta yi ba, a buɗe ɗayan babban fayil ɗin. Gobe in sha Allahu zan gwada matatar crt-pi a 1080, ninki 4, layi 896, da rana tsaka.