Garin da Audi ke fitowa daga cikin gonakin inabi

Jiya da yamma, bayan sallar la'asar a Agege, wani abokin kasuwancina ya tsaya yana yaba wata tsohuwar Audi A6 da aka shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, sai na tuna da kwana uku da na taɓa yi a Neckarsulm, ƙaramin garin da ake ƙera irinta a kudancin Jamus, inda kogin Sulm ke zuba cikin Neckar.

Na je da zaton zan tarar da hayaƙi da ƙarafa kawai, amma abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne tsaunukan da ke bayan masana'antar, an jera itatuwan inabi a kansu kunya-kunya. Manoman garin sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwarsu tun 1855, shekara 25 kafin kamfanin da daga baya aka sani da NSU ya ƙaura zuwa can a 1880 yana ƙera injunan saƙa. Daga saƙa ya koma kekuna, sannan babura a 1901, har ya zama kan gaba a duniya wajen ƙera babura a tsakiyar shekarun 1950, kafin a haɗe shi da kamfanin motoci na Auto Union a 1969, haɗin da ya zama kamfanin Audi na yau.

Giya suke yi da mafi yawan inabin, ni kuwa ruwansa zalla na sha, kuma mai masaukina bai ga laifina ba. Na ƙare ziyarar a gidan tarihin kekuna da babura da ke cikin tsohuwar fadar garin, na daɗe ina kallon kekunan katako marasa feda.