Fara Mini Daga Ranar Suna

Shekara huɗu ke nan ina aikin jinya a wani asibiti a Jidda, a sashen da ke bibiyar masu cututtukan gado na kolestarol. Aikin ba shi da wani kwarjini. In ɗebi jini, in auna tsawo da nauyi, in sa yaro ya taka daga wannan bango zuwa wancan ina duba agogo, in cika takarda. Bayan wata shida a sake. Da na fara, iyakar sanina kolestarol kitse ne mai toshe jijiyar zuciya. A nan na gane jiki ba ya rayuwa sai da shi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ke jikin mutum yana cikin ƙwaƙwalwa, kuma ita ke ƙera nata, wanda aka ci a abinci ba ya isa gare ta.

Cututtukan iri-iri ne. Akwai Smith-Lemli-Opitz, wadda jiki ke kasa kammala ƙera shi. An bayyana ta a 1964, amma sai da aka yi kusan shekara 30 kafin a gano tushenta. Akwai Niemann-Pick nau'in C, inda kolestarol ke maƙalewa cikin ƙwayoyin jiki, saifa ta kumbura, ido ya kasa saurin duban sama da ƙasa, wani yaron ma dariya kawai ke kayar da shi. Wadda ta fi tsaya mini a rai kuwa ita ce ake kira CTX a taƙaice, mai taɓa ƙwaƙwalwa da agara.

Wata safiya aka kawo wani saurayi daga Sharamansur a Makka, shekararsa 24, yana tafiya yana tangaɗi, agararsa duka biyu sun yi ƙululu. Na ɗauki tarihinsa da Larabci kamar yadda takardar take. Na tambaye shi ko ya yi wata rashin lafiya yana ƙarami, ya ce "ma fi", ni kuwa na rubuta babu. Mahaifiyarsa na gefe cikin niƙabi, ba ta ce uffan ba, ni ma ban waiwaye ta ba. Har na rufe fayil wayarta ta yi ƙara, na ji ta ce, "Muna wajen likita, zan kira ki." Na ce, "Sannu Hajiya, ashe 'yar gida ce." Ta ɗaga niƙabin ta dube ni. "Ke 'yar nan, Bahaushiya ce ke, kika bar ni ina ta zare ido?"

Daga nan ta kwance mini komai. Tun bai yi arba'in ba yake gudawa, aka ce nono ne, aka dawo aka ce haƙori ne, har ya shekara biyar. Yana ɗan shekara tara aka yi masa aikin yanar ido, duka biyun. A makaranta karatu ya gagara, aka ce ƙiwa ce. Da ya fara faɗuwa aka kai shi rukiyya. Kowane ciwo da asibitinsa, kowane likita ya yi maganin abin da ya gani a gabansa. An sha auna kolestarol ɗin jininsa, kullum lafiya lau, domin CTX ce ke damunsa, kuma haka cutar take. Ƙwayar gado CYP27A1 ce ke lalacewa, hanta ta kasa sarrafa kolestarol zuwa wani sinadarin ruwan maɗaciya, sai wani abu mai suna kolestanol ya riƙa taruwa a hankali a ido da agara da ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi ci mini rai, akwai magani. Sinadarin nan da hanta ta rasa ake ba mutum ya haɗiya, kuma tun 1984 aka nuna yana aiki. Sai dai abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa da wuya ya dawo.

Na daɗe ina tuna "babu" ɗin nan da na rubuta. Sama da shekara ashirin na tarihin cuta na zaune a kujera kusa da ni, saura ƙiris in sallame su.

Zama da Alhaji, mahaifinsa, ya fi wuya. Shi da Hajiya 'ya'yan wa da ƙani ne. Da likita ya yi bayani cewa idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai cutar, sai ya sunkuyar da kai ya ce da ni, "Yarinya, wato mu muka ja masa." Na ce, "Baba, ba wanda ya san abin da yake ɗauke da shi. Gwajin kafin aure da Saudiyya ta wajabta tun 2004 cututtukan jini irin su sikila da talasimiya yake kamawa, wannan ba ta ciki, kuma ku kun yi aure tun kafin nan." Ba na zagin auren zumunci a ɗakin nan, ni ma daga cikinsa na fito. Na lura iyayen da aka ɗora wa laifi ba sa dawowa, mu kuwa sauran yaran muke so a kawo.

Ya kawo su duka biyar. Autar, 'yar shekara 11, aka samu tana da ita, yanar ido ta fara taruwa a idonta na hagu. Aka ɗora ta kan magani a watan.

Yayan nata ya daina gudawa, tangaɗin dai yana nan, bai ƙaru ba. Ita kuwa makon jiya ta zo awo na biyar, ta taka daga bango zuwa bango tana ba ni labarin jarrabawa, lokacinta bai canja ba. Hajiya yanzu da ɗan littafi take zuwa, tana rubuta duk ranar da ciki ya ɓaci ko aka manta ƙwaya. Bayan sun fita aka shigo da wani sabon yaro da kakarsa. Na ture takardar gefe, na jawo kujera kusa da ita, na ce, "Inna, fara mini daga ranar suna."