Inda saurin intanet ke maƙalewa tsakanin rauta da kwamfuta

Shagona yana wajen Ƙofar Kaura a Katsina, kuma abin da ke rubuce a allon ƙofa shi ne gyaran kwamfuta da haɗa intanet. Ni ne da yara biyu da hannunsu ya faɗa, sai ɗalibin foli da kan zo koyon aiki, in ya gama wani ya maye gurbinsa. A da abincinmu yana wajen ofisoshi da makarantu, musamman cibiyoyin jarrabawar JAMB, tunda daga 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma ƙa'idar cibiya ita ce a haɗa kwamfutoci da waya, ba da waifai ba. A nan muka ƙware a jan waya da matse mata kan da ake sokawa a kwamfuta. Yanzu kiran gidaje ne ya fi yawa: malamin jami'a mai sauke littattafai, matashi mai haɗa bidiyon biki, Hajiya mai sayar da atamfa da leshi wadda ɗanta ya kafa mata kwamfuta a falo. Kukansu ɗaya ne. An sayi data mai tsada, an ja waya daga rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, zuwa kwamfuta domin an ce waya ta fi waifai, amma in fayil ya fara sauka sai ka je masallaci ka dawo bai kai rabi ba.

Kusan kowa da hukuncinsa yake zuwa. Ko dai kamfani ne ke cutarsa, ko kuwa bairos ya cinye kwamfutar, a yi mata fomatin, wato a share komai a sake zuba mata Windows. A abin da na gani cikin wannan sana'a, laifin ya fi zama a 'yan takun da ke tsakanin rauta da bayan kwamfuta, wurin da ba wanda ke kallo.

Kafin in taɓa komai, tambaya biyu nake yi: nawa aka yi maka alkawari, nawa kake gani? Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa. Kamfanoni da megabit suke auna saurin intanet da suke sayarwa, burauza kuwa in tana sauke fayil da megabait take nunawa, kuma bait ɗaya bit takwas ne. Wanda ya sayi megabit 20, iyakar abin da zai gani yana sauka shi ne megabait biyu da rabi a daƙiƙa. Sai mutum ya ga 2.4 ya ɗaga murya wai an sayar masa da ashirin an ba shi biyu. In na raba masa da takwas a takarda, wani ya yi dariya, wani kuma ya ji haushin kuɗin man da zai ba ni.

In lissafi bai warware ba, sai in fito da kayana: laftof ɗina da wata gajeriyar waya da na amince da ita, wadda ba na ba kowa aro. In soka ta kai tsaye a rauta, in buɗe shafin auna gudu, Speedtest ko fast.com, in rubuta abin da ya fito. Sannan in koma kwamfutar mai gida in yi gwaji iri ɗaya. In duka biyun suna rarrafe, matsalar daga rauta take zuwa waje. In tawa tana gudu tasa tana jan ƙafa, to ɓarawon yana cikin gida, kuma ba sai mun dami kamfani da kira ba.

Wani gida a Barhim zai nuna abin da nake nufi. Mai gidan ya sa Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, wanda ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023 kuma masu hali a nan suka rungume shi. Wayoyin hannu na yaransa a waifai suna haura megabit ɗari, ita kuwa kwamfutar ɗakin karatunsa, da aka ja mata waya takanas, ba ta wuce casa'in da huɗu ko da biyar, kullum, safe da dare. Duk mai wannan aiki in ya ga wannan lamba ta tsaya cak ya san labarin: kwamfuta da rauta sun daidaita a kan megabit 100 maimakon 1000. Na buɗe bayanan katin sadarwa a Windows, wato sashen kwamfutar da ake soka wa wayar intanet, ga shi kuwa, 100 aka rubuta.

"Injiniya, ba sabon kati za a saya ba kuwa? Ko kwamfutar ce ta tsufa?"

"Ranka ya daɗe, a ɗan yi haƙuri in ga wayar tukuna."

Na cire kan wayar na sa a testa, na'urar gwada sillayen cikin waya, yarona ya riƙe ɗaya ɓangaren a falo yana karanto mini fitilu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, sai ta tsallake bakwai ta faɗa takwas. Muka bi wayar da hannu har ƙofar ɗakin, inda aka bi da ita ta ƙarƙashin ƙyauren ƙarfe. Duk buɗewa da rufewa sai ƙyauren ya murje ta, har ta yi faɗi kamar an taka. Cikin wayar nan silli takwas ne, an murɗa su bibbiyu. Gudun megabit 100 silli huɗu kawai yake buƙata, na ɗaya da na biyu da na uku da na shida, amma gudun 1000 sai duka takwas sun cika. In ɗaya daga cikin sauran huɗun ya tsinke intanet ba ya yankewa, na'urorin kawai sai su sauko ƙasa shiru ba tare da sun gaya wa kowa ba. Shi ya sa mutum zai shekara a haka yana zagin kamfani. Muka huda bango ta saman ƙofa, muka ja sabuwa a cikin bututu, lambar ta koma 1000.

Maganar waya ita ce inda nake daɗewa da kwastoma, domin nan ake yin arha mai tsada. Kwalin waya mita 305 ne, kuma a kasuwa za ka tarar da kwali biyu duk an rubuta Cat6, wato ajin wayar, ɗaya ya kusa ninka ɗaya a kuɗi. Mai arhar yawanci alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Kankare silli ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ka gane. Ko ka kunna masa ashana: na alminiyom nan take yake lanƙwashewa ya zube, jan ƙarfe na gaske sai dai ya yi ja ya tsaya. Irin wannan waya tana aiki ranar da aka ja ta, mai gida ya biya ya yi godiya, bayan 'yan watanni ta fara karyewa a cikin kai. Ni ba na jan ta, ko da mutum ya ce shi ya ji ya gani, domin ranar da ta lalace ba zai ce wayar da na zaɓa ba, cewa zai yi aikin wane.

Sai aikin masu wayarin. Ba raini ba ne, sun san wutar lantarki fiye da ni, amma da yawansu suna ɗaukar wayar intanet kamar ta ƙwan fitila. In ta gaza sai a ƙulla mata wata a naɗe da salatif. A cusa ta bututu ɗaya da wayar wuta. A warware murɗin tsawon yatsa kafin a matse kai, alhali bai kamata a warware fiye da rabin inci ba, domin murɗin nan shi ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Tsawo ma yana da iyaka, mita 100 daga na'ura zuwa na'ura. Na sha ganin an ja waya daga babban gida zuwa sashen baƙi, an zagaya da ita bayan katanga har ta wuce haka, kuma wayar cikin ɗaki ce aka bari a rana. Bazara ɗaya ta Katsina ta isa ta farfasa rigarta, damina ta zo ruwa ya shiga. Ɓeraye a silin kuwa ba a magana.

Irin wannan lalacewar ta fi wuyar kamawa, don wani lokaci lambar tana nan a 1000 amma saƙonni suna zubewa a hanya ana ta sake aiko su. Abin da nake yi shi ne in sa kwamfuta ta riƙa ƙwanƙwasa wa rauta da umarnin ping ba tsayawa, yaro kuma ya bi wayar yana motsa ta. A kan lafiyayyar waya amsa ba ta wuce milisakan ɗaya, kuma ko ɗaya ba ta ɓacewa. In ya taɓa wani wuri amsa ta fara tsallake, mun iso.

Wayar na iya zama lafiya lau, abin da aka soka ta a ciki ne ƙarami. Ƙananan rauta masu araha da yawa kafofinsu na waya megabit 100 ne daga masana'anta, ko da an zana 300 ɓaro-ɓaro a kwali, wannan lambar ta waifai ce. Haka ƙaramin suwic da aka saya don a raba waya gida biyu, haka 'yar adaftar USB da ake sa wa laftof marar kafa. Saurin gida tafiyar ayari yake yi, raƙumin da ya fi gajiya shi ke yanke wa kowa taki. Akwai kuma zafi da wuta. Rauta a cikin durowar talabijin, an lulluɓe ta da kyalle saboda ƙurar hunturu, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, dole ta yi ta sumewa. Cajar da ta zo da ita ta ƙone an maye ta da wadda ba ta kai ƙarfinta ba, fitilu suna ci amma aiki ya gagara. Tsawa ma takan kashe kafa ɗaya ta bar sauran, shi ya sa canza kafa yana cikin gwajin farko, kuma kyauta ne.

Sai bayan duk wannan nake zama gaban kwamfutar kanta. In buɗe Task Manager in ga wa ke shan data a ɓoye. Sau tari Windows ce ke sauke sabuntawa, ko manhajar ajiya tana kwashe hotunan biki zuwa intanet, ko wata manhajar sauke finafinai da yaro ya sa ya manta tana ta raba wa duniya. VPN na kyauta, manhajar ɓoye inda mutum yake, da aka kunna tun bara yana nan yana zagayawa da komai ta wata ƙasa. Wani lokaci waifai da waya duk a kunne suke, kwamfutar kuma ta waifai take bi, wayar ado ce kawai. Nakan duba direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, in tabbatar saitin gudu yana kan daidaita kai da kai, domin akwai masu kallon bidiyon gyara su je su ƙulle shi da hannu. A tsofaffin kwamfutocin Balgiyam kuma faifan ajiya mai juyawa yakan cika da aiki ɗari bisa ɗari, layi na kawo kaya shi ya kasa karɓa. Wannan maganinsa SSD ne, faifan ajiya na zamani marar juyawa, kuma shi ne sayayya ɗaya da nake ba da shawara ba tare da jin nauyi ba.

Fomatin shi ne ƙarshen abin da nake yarda da shi. Na san dalilin da ya sa wasu shaguna ke farawa da shi: aiki ne da yaro zai yi ba tunani, kuɗinsa sananne ne, kuma kwamfuta takan ɗan yi sauƙi na kwana biyu. Amma in silli ne ya tsinke a ƙarƙashin ƙofa, an dai share wa mutum takardunsa a banza.

In gwajin farko ya nuna daga waje ne, aikina ya zama na bayani. Mai rautar da ake sa wa layin SIM yakan ɗauka jan waya zai ƙara masa sabis. Ba ya ƙarawa, abin da rauta ta kamo daga eriyar unguwa shi za ta miƙo, don haka gara a matsar da ita kusa da taga ko a ɗaga ta sama. In sauri yana da kyau da asuba ya faɗi bayan isha'i, cunkoso ne, unguwa duka ta hau. In ya faɗi rana ɗaya a tsakiyar wata bai sake tashi ba, a duba sharuɗɗan tsarin da aka saya, domin yawancin waɗanda ake kira marasa iyaka suna da adadin da in ka kai za a rage maka gudu. A leƙa kuma a ga na'ura nawa ke kan rautar. Talabijin ɗaya mai nuna YouTube a 4K yana jan wajen megabit 20 shi kaɗai, balle in lambar sirri ta zagaya maƙwabta. Akwai ranakun da ba mai laifi a kusa: masu aikin titi sun tsinke faiba, ko irin abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka tsaya. Ranar wayar hannuna ba ta huta ba, amsa ɗaya na yi ta maimaitawa, cewa matsalar ba daga gidajensu take ba. Wani lokacin ma shafin da ake saukewa daga gare shi ne ke ƙayyade gudu, a gwada wani fayil daga wani wuri kafin a ɗaga hankali.

Wahalar sana'ar ba a gano matsala take ba, a karɓar kuɗi take. Mutum zai biya kuɗin sabuwar rauta da fara'a, domin ya ga kwali. Amma ka yi awa biyu kana bin waya a silin, ka fito da ƙura har gira, ka yanke kai ɗaya ka matse sabo, sai ka ji, "Haba Injiniya, ɗan wannan abin?" Saboda haka kuɗin dubawa daban nake faɗa tun a waya, kafin in tayar da mashin, kayan da aka canza kuma a rubuta su daban. Wanda na sani ko dattijo, nakan ce ya fara gwada abu uku da kansa: ya kashe rauta ya kunna, ya canza kafar da wayar take, ya karanto mini lambar da Windows ta rubuta, 100 ce ko 1000. Waɗanda suka ce 100, nakan ce wa yaro ya ɗauko testa da filayar matsewa da ledar kawuna, ya bar sauran jakar a shago.