Manyan kalmomin da suka kayar da ni a jarrabawar Turanci

Ƙannena masu shirin zana WAEC ko NECO, ku ba ni aron hankalinku in gaya muku abin da ya zaunar da ni shekara guda cur a gida. Na samu kiredit a darussa bakwai, Turanci kuwa ya zo da D7. Kun san ƙa'idar: in babu aƙalla C6 a Turanci, ƙofar jami'a a rufe take komai kyan makinka na JAMB. Abin da ya fi ci mini rai, a ajinmu ni ake nunawa in an ce wa ya iya Turanci.

Ina da wani ɗan littafi da nake tara manyan kalmomi daga ƙamus, wadda ta fi tsawo ita ta fi burge ni. In zan ce abu ya yi yawa, sai na nemo "plethora". A muhawarar makaranta in na jero irinsu, ɗakin taro ya kaure da tafi, ni kuma na ɗauki tafin nan a matsayin shaidar iyawa.

Bayan fitowar sakamako, mahaifina ya haɗa ni da wani tsohon malamin Turanci a unguwarmu wanda ya yi ritaya. Ya ce in rubuta shafi ɗaya kan ranar kasuwa a garinmu. Bayan la'asar muka zauna kan tabarma a zaurensa, ya ɗauko jan biro, ya riƙa zagaye kurakurai bai ce uffan ba, har takardar ta yi jawur. Jimlata ta farko ta ci layi shida babu aya. Ya ɗora yatsa a kanta ya ce, "Ɗana, nuna mini wanda ya yi aikin a nan, sannan ka nuna mini aikin da ya yi." Na duba, na sake dubawa, ban same su ba. Kalmomi ne masu ƙyalli zube kamar tubalin da ba a ɗora ba.

A ranar ya bayyana mini yadda ake duba insha'in WAEC. Ana son kalmomi wajen 450, maki kuma 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya bayyana magana, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da haruffa da alamomin rubutu. A wannan kaso na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 ke nan sun share maka 10 ɗin nan kaf. Babbar kalmar da ba ka san mazauninta ba takan jawo asara biyu, ka kuskure harafinta, ka kuma sa ta inda ba ta dace ba.

Inda ya fi buɗe mini ido shi ne da ya ce yawancin kurakuraina Hausa ce sanye da rigar Turanci. Ni da na taso ana cin tararmu a makaranta in an kama mu muna Hausa, ban taɓa zaton sanin nahawunta zai taimake ni ba. Ku duba: a Hausa dole ka ce "Audu ya tafi", ba a cewa "Audu tafi". Wannan "ya" ɗin, zagin aikatau, shi nake kinkima zuwa Turanci in rubuta "My father he is a farmer", alhali Turanci bai son "he" bayan an ambaci sunan. Kalmar "ji" tamu guda ɗaya tana ɗaukar sauti da wari da zafi da fahimtar harshe, Turanci kuwa kowanne da aikataunsa. Shi ya sa "I am hearing smell" ke fitowa daga bakinmu salin-alin. Haka "ara mini biro" ke komawa "borrow me your pen", domin tushen kalmar aro ɗaya ne gare mu, su kuwa sun raba: mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow".

Wanda ya fi wahalar da ni shi ne lokaci. Muna cewa "yana karatu" yau, mu ce "jiya da na shiga yana karatu", kalmar ba ta sauya ba, "jiya" ce ta yi mana aikin. Turanci kuwa sai aikataun kansa ya nuna lokacin, "is reading" ya koma "was reading". Nakan fara labari a lokacin da ya wuce, kafin sakin layi na biyu na zame na dawo yanzu ban sani ba. Sai kuma ɗan "s" ɗin nan na "she goes" da nake yarwa, in je in liƙa shi a kan "information" da "furniture" da "advice", waɗanda ba su karɓar jam'i. Ku rubuta irin waɗannan a bangon littafinku, ku riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da kuka gama rubutu. Minti biyar na ƙarshe a ɗakin jarrabawa nasu ne.

Batun jan hankalin mai karatu ma na yi masa gurguwar fahimta. Na zaci ado ne. A muhawara nakan ɓata minti guda wajen gaida shugaba da alƙalai da mai kula da lokaci, in buɗe wasiƙa da fatan aboki yana iyo a tekun lafiya, jimlar da mai duba takarda ya riga ya gani sau babu adadi. Malam ya koya mini abin da dattawanmu ke yi a gaban mai unguwa in ana sasanci: ka faɗi matsayinka tun farko, ka kawo dalili, ka kafa shi da abin da ido ya gani. In ana gardama kan makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, kada ka tsaya kan cewa ta kwana ta fi. Ka kawo yarinyar da ke dawowa gida ta tarar da wanke-wanke da ɗiban ruwa suna jiranta, ba ta buɗe littafi sai bayan isha'i. Sannan ka amsa wa abokin hamayya gaskiyarsa guda kafin ka rushe sauran, domin alƙali ya fi yarda da wanda ya nuna ya saurara. Tambayar da ba ta neman amsa da maimaita kalma don ƙarfafawa suna da amfani, amma kamar gishiri, sau ɗaya ko biyu a insha'i ya isa.

Wata takwas na yi ina kai masa shafi ɗaya kowace Asabar. Sharaɗinsa shi ne kowane sakin layi magana ɗaya, jimlar farko ta faɗe ta, kuma kada wata jimla ta wuce layi biyu sai na iya nuna mai aiki da aikinsa da yatsa. Kafin in miƙa masa, sai na karanta a fili yana saurare, duk inda numfashina ya ƙare ban kai aya ba, ya ce in raba jimlar biyu. Da na sake zama jarrabawar a zagayen masu zaman kansu na ƙarshen shekara, B3 na samu, kuma babu kalma ɗaya daga ɗan littafin nan da ta shiga takardata.