Daga YYZ zuwa bakin Tafkin Ontario: bin sawun wani makaɗi

Lokacin da na ɗauko jakata a filin jirgin saman Pearson na birnin Toronto, takardar da aka manna mata tana ɗauke da haruffa uku, YYZ, kuma na daɗe ina kallonsu kafin na fita wurin yayana, wanda yake jirana da mota. Ga sauran fasinjoji alamar filin jirgi ce kawai, amma ni na fara saninsu ne a matsayin sunan wani kiɗa da ƙungiyar mawaƙan Kanada mai suna Rush ta saka a faifanta Moving Pictures na 1981. Na'urar da take jagorantar matuƙa jiragen sama zuwa filin tana aika haruffan nan da harshen tangaraho na Morse, wato dogon sauti da gajere, sai makaɗin ƙungiyar, Neil Peart, ya ɗauki wannan saƙo ya buɗe kiɗan da shi a kan 'yan ƙananan farantan tagulla masu ƙarar ƙararrawa. Idan aka ba dogon sauti ƙirge biyu, gajere kuma ɗaya, Y tana ɗaukar bakwai, Y ta biyu bakwai, Z shida, jimla ashirin, shi ya sa farkon kiɗan yake tafiya biyar-biyar maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba da shi a yawancin waƙoƙin Turawa. Wanda ya taso yana jin kalangu yana kiran sunan mutum ba zai yi mamakin ganga ta yi magana ba, sai dai ban taɓa jin wadda ta kira sunan filin jirgi ba sai wannan.

Kwana biyu bayan saukata, wata Asabar a watan Yuli, muka kama hanyar St. Catharines, garin da Peart ya girma, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai a kan babban titin da ya kewaye yammacin Tafkin Ontario. Yaya ne ya fara sa ni sauraren wannan nau'in kiɗa da ake kira progressive rock tun ina ɗan sakandare, kuma tun wancan zamanin muke gardama a kan wane faifai ne ya fi kowane kiɗan ganga mai kyau. Ba mu kai gadar Burlington ba, inda ake hango masana'antun ƙarfe na Hamilton, garin da aka haifi Peart a 1952, sai ya tayar da maganar.

Shi mutumin Bill Bruford ne, Baturen Ingila da ya buga wa ƙungiyar Yes faifan Close to the Edge a 1972, sannan ya bar su suna tsakiyar tashe ya koma ƙungiyar King Crimson. Ya kunna mini Red na 1974, ya ce in kasa kunne ga wata ƙara mai kaushi kamar an mari murfin tukunya, wadda take fitowa daga wani lanƙwasasshen farantin tagulla da Bruford ya tsinta a kwandon shara a ɗakin gwaji. "Kai, ka ji makaɗin da yake tunani yana bugawa," in ji shi, "naka kuwa hadda yake kawowa." Na ce masa, "Yaya, haddar da babu kuskure a cikinta ma ai baiwa ce." A gaskiya zargin nasa yana da tushe, domin Peart yakan tsara kowane bugu tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ya kuma maimaita shi a kan dandamali kusan yadda yake a faifai. Sai dai abin da yayana yake gani naƙasu shi ne abin da ya ja ni: a cikin La Villa Strangiato, kiɗan sama da minti tara da ke faifan Hemispheres na 1978, kowane sashe yana da nasa ginin, kuma idan wani salo ya dawo, yakan dawo da ɗan ƙari a kan na farko. Mun dai haɗu a kan mutum ɗaya, Phil Collins, wanda mutane da yawa suka sani da rera waƙa kawai, alhali yadda ya riƙe ƙirgen bakwai a ƙarshen The Cinema Show na ƙungiyar Genesis a 1973 yana sa mai saurare ya manta cewa ƙirgen mara ne.

Muka ratsa gonakin inabi, muka sauka Port Dalhousie wajen azahar. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da a yanzu take cikin St. Catharines, kuma a nan Peart ya girma, ya kuma yi aikin hutu a dandalin shaƙatawa na Lakeside Park yana saurayi, wurin da daga baya ya rubuta wa waƙa a faifan 1975. Yana aiki a shagon mahaifinsa na kayan aikin gona ne aka kira shi gwajin shiga Rush a 1974. Yawancin kayan wasan dandalin sun tafi, amma lilon dawakan katako mai zagayawa, wanda aka kawo garin a 1921, yana nan yana aiki, kuma har yau santi biyar ake biya a hau. Na tsaya kusa da wani farin doki mai buɗaɗɗen baki, fentin wuyansa yana sheƙi, wata yarinya ta ƙanƙame sandar tagullar da ke riƙe da shi tana ƙin sauka, kakarta tana laluben jaka ko za ta sami wani kwabon.

Gefe kaɗan akwai rumfar taro da aka sa wa sunan Peart bayan rasuwarsa a ranar 7 ga Janairun 2020, sakamakon ciwon dajin ƙwaƙwalwa. Wasu iyalai ne a ciki suna cin abinci, babu mai maganar kiɗa. A nan na tuna wa Yaya cewa mutumin da yake kira mai hadda ya koma ɗalibi a wurin malamin kiɗan ganga Freddie Gruber a shekarun 1990, bayan ya yi shekara ashirin yana shahara, har ya sauya yadda yake riƙe sanda, kuma shi ne ya yi wata guda yana zagaya Kamaru a kan keke a 1988. Yaya ya ce wannan ya nuna shi kansa ya san da abin da ya rage masa.

Da la'asar muka taka har ƙarshen doguwar gadar siminti da ta shiga cikin tafkin, inda ake hango dogayen gine-ginen Toronto can ƙetaren ruwa kamar hayaƙi. A hanyar komawa ni na karɓi zaɓen kiɗa, na sa YYZ, kuma kafin mu kai gadar Burlington na lura yatsun Yaya suna ƙirga biyar a kan sitiyari.