Kashi 90 ɗin da ban auna ba

Yanzu da takardar shaidata ta shigo hannu bayan jinkirin wata huɗu, ina ganin zan iya faɗin abin da ya sami kundina na kammala karatu, ko ƙannenmu na sashen lantarki za su tsira daga irinsa.

Na zaɓi yin aiki a kan titin da ke cajin mota mai batir tana cikin tafiya, ba tare da an jona mata waya ba. Tushen abin shi ne binciken masanin kimiyya Faraday na 1831. Ana binne koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, ƙarƙashin kwalta, a sakar masa wuta mai kai da komo kusan sau 85,000 a daƙiƙa, sai ƙarfin maganaɗisunsa ya tsallake iska ya tayar da wuta a wani koyil ɗin da ke manne a ƙasan motar. An gwada shi a motocin bas na birnin Gumi da ke Koriya ta Kudu a 2013, sunan da ya daɗe yana ba mu dariya a aji, sannan a kan kilomita 1.6 a tsibirin Gotland na Suwidin, da wajen mita 400 a Detroit ta Amurka a 2023. Ni kuwa titina falankin katako ne, da motar wasan yara, da wayar jan ƙarfe da na sayo wurin masu naɗin fanka a Babbar Kasuwa.

Da na auna, wutar da ke isa motar ta ɗan ɗara rabi ne kawai, idan kuma ta kauce da faɗin yatsa biyu sai ƙwan fitilar ya dushe. Na kai wa malamin da ke duba aikina, ya dubi takardar ya ce, "Wannan abin kunya ne, ka sa kashi 90 kamar yadda Turawa ke samu." Na ce, "Malam, ban auna haka ba." Ya ce, "Ni ke duba ka, ko kai ke duba ni?" Da hannuna na goge adadin gaskiya na rubuta nasa, kuma wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Ranar kare kundi, cikin zafin Afrilu, wata malama daga cikin alƙalai ta taso ta jona na'urar awo da kanta, ta tura motar gefe kaɗan, ta juyo mini da allon ta ce in karanta wa jama'a. Na karanta, bakina a bushe, mahaifina yana zaune a layin baya. Na waiga wurin malamina sai na ga yana latsa wayarsa, da aka nemi ta bakinsa kuma ya ce ya sha gaya mini in riƙa tantance alƙaluma.

A wata huɗun da aka ƙara mini ne na yi aikin da ya kamata tun farko. Na auna asarar a kowace tazara, na kuma ga yadda marfin kwalba da ya faɗa kan koyil ya yi zafin da ba a iya taɓawa, abin lura ne a garin da ƙusa da guntun ƙarfe ba sa rabuwa da titi. Na rubuta ƙarara cewa Maradi, wadda wutarta ke zuwa ta layin Katsina, ta kuma ɗanɗana yankewarta a Agustan 2023, ta fi buƙatar wuraren caji masu aiki da hasken rana a tashoshin babura da adaidaita fiye da irin wannan titi mai tsadar gaske.

Sauran darussan gajeru ne. Ku riƙa ɗaukar hoton na'urar awo da kwanan wata. Duk gyaran da malami ya ce a yi, ku nemi ya rubuta da alƙalaminsa a gefen shafi.

Kwanakin baya an gabatar da sabon sakamakon a wani taron ƙara wa juna sani, sunan malamina a farko, nawa a biye. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, nakan kuma rusuna in gaishe shi.