Wasiƙa daga Gidansk: gawarwakin da ke bin 'yan makaranta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina nan lafiya a birnin Gidansk na ƙasar Polan, da fatan kuna lafiya, a gaida iyaye da yara. Tambayoyinku sun fi yawa a kan takardar zama da abinci da kuma finafinan ƙasar Polan da wasunku suka ci karo da su a Netflix, waɗanda ake bin matasa da gudu ana kashe su, masu kallo kuma suna dariya. Zancen takarda dai layi ne da jira, abinci kuwa dankali ne da kabeji, saboda haka bari in tsaya a kan finafinan.

An san Polan da finafinai masu nauyi a kan yaƙi da mulkin kwaminisanci, kuma makarantar fim ta birnin Łódź, wadda aka kafa a 1948, ta yaye manyan daraktoci. Fim ɗin ban tsoro kuwa bai samu gindin zama ba a wancan zamani, har ma hukuma ta hana nuna fim ɗin Diabeł na darakta Andrzej Żuławski, wanda aka yi a 1972, sai a 1988 aka sake shi. Abin ya sauya a 2020, lokacin da Bartosz Kowalski ya fitar da W lesie dziś nie zaśnie nikt, labarin matasan da waya ta ɗauke wa hankali, aka kai su sansani a daji aka karɓe wayoyinsu, sannan wasu dodanni biyu suka far musu. An shirya nuna shi a gidajen sinima a watan Maris, korona ta sa aka rufe su, sai ya koma Netflix, shi ya sa ya iso gare ku.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Apokawixa na 2022, aikin Xawery Żuławski, ɗan wancan darakta da aka hana fim ɗinsa. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare ne, kullen korona ya ishe su, suka taru a wani katafaren gida a bakin tekun Baltik domin su yi shagali, ba su san gurɓataccen ruwa ya fara mai da mutane zombi ba, wato gawarwaki masu tafiya suna cizon duk wanda suka samu.

Wanda yake kallo daga gida zai ɗauka shirme ne kawai, amma mu da ke zaune a bakin wannan teku mun san inda aka dosa. Kusan duk lokacin zafi, idan ruwa ya yi ɗumi iska kuma ta kwanta, wasu ƙwayoyin halitta da ake kira sinice a nan sukan yaɗu a saman teku, takin gona da ƙazantar da koguna ke kwasowa ne abincinsu. Na gani da idona: ruwan ya koma kore shar kamar an tuttular da fenti, yana wari, mai gadin gaɓa ya ɗaga jar tuta, iyaye suna janye 'ya'yansu, yaran suna kuka. Ku tuna mutanen nan sun yi watanni cikin sanyi da duhun da ke sauka tun kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, suna ɗokin 'yan makonnin nan na rana, sai a ce musu kada su taɓa ruwan. A Yuli da Agustan 2022 kuma kifaye masu ɗimbin yawa suka mutu a kogin Odra da ke kan iyaka da Jamus, aka yi ta zargin hukumomi da jan ƙafa, fim ɗin kuma ya fito bayan haka da 'yan watanni. Don haka dariyar da matasa ke yi idan gawa ta cafki wani attajiri dariya ce mai haɗe da haushi, domin a ganinsu manya ne suka ɓata ruwan suka bar musu.

Kada kuma ku zaci mutane ne da suka raina mutuwa. Ranar 1 ga Nuwamba ƙasar kan tsaya cik, iyalai su yi tafiyar nesa zuwa maƙabartu, su share kaburburan iyayensu, su kunna kyandirori a cikin kwalabe har wurin ya yi haske da dare. Matashin da ya yi dariya a sinima shi ne ke riƙe wa kakarsa furanni a ranar.

A ganina fim ɗin Apokawixa ya yi tsawo, hayaniyarsa ta yi yawa, kuma ba kowane barkwancinsa ke tsallake harshe ba. Duk da haka ina tunanin masu shirya fim na Kano, waɗanda abin tsoro a wurinsu yawanci aljani ne ko boka, alhali duk wanda ya ga ruwan da ke fitowa daga masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa ya san akwai labari a can wanda ba a taɓa ba.

Ga masu niyyar kallo, akwai giya da ƙwaya da tsiraici da jini a cikin finafinan nan biyu, ba na zama da yara ko surukai ba ne, kuma a duba ko akwai fassara a rubuce kafin a ƙona data.

Wassalam, daga ɗan uwanku a Gidansk.